Ma'anar ABS, da fitilar da ake son kashewa kafin gwajin mota

Haruffa uku sun cika bakin masu mota a 'yan kwanakin nan: ABS, wato Anti-lock Braking System, tsarin hana taya kullewa idan an taka burki. Dillali zai sa hoton mota a Facebook ya rubuta cewa tana da ABS, kamar wani ado. Mai gabatar da shirin kiyaye haɗurra a rediyo zai ce ABS shi ne burkin da ke tsayar da mota nan take. Da lokacin kai mota gwajin lafiya ya matso kuwa, sai tambaya ɗaya ta yi ta yawo a zaurukan masu mota na WhatsApp: yaya ake kashe wutar ABS? Wannan tambayar ce ke ƙona mini rai, domin mai yin ta bai tambayi abin da ya lalace ba. Fitilar kawai yake so ta ɓace daga gabansa.

ABS ba wani burki ba ne na dabam, kuma ba ya ƙara wa burki ƙarfi. Burkin motarka yana nan yadda aka san shi: ka taka, man burki ya bi ta cikin bututu, ya matse takalmin burki a jikin faifai. ABS tsari ne da aka ɗora a kan wannan domin ya hana taya kullewa idan an taka burki da ƙarfi. Tayar da ta kulle ta daina juyawa ke nan, tana jan ƙasa kawai, kuma da zarar tayoyin gaba sun kai wannan hali, sitiyari ya tashi aiki. Ko ka murɗa shi har ƙarshe, motar za ta ci gaba da zamewa ta inda ta dosa. Babban aikin ABS shi ne ya bar maka ikon kauce wa abin da ke gabanka alhali ƙafarka tana kan burki.

Maganar tsayawa nan take kuwa, gaskiyarta rabi ce. A kan kwalta, musamman mai santsin ruwan sama, ABS yakan rage tazarar tsayawa. Amma a kan tsakuwa, ko yashi, ko dusar ƙanƙara mai laushi, mota mai ABS tana iya cin tazarar da ta fi ta marar shi, saboda tayar da ta kulle takan nutse ta tara ƙasa a gabanta, tarin ya taimaka wajen tsayar da ita. Duk wanda ya gaya wa direbobi cewa ABS na tsayar da mota nan take ya ba su lasisin bin motar gabansu kurkusa, kuma a ganina wannan ya fi jahiltar kalmar gaba ɗaya haɗari.

Daga jiragen sama abin ya samo asali, inda tayar da ta kulle lokacin sauka takan fashe. Kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da tsarinsa mai suna Maxaret a shekarun 1950, aka kuma sa shi a motar Jensen FF a 1966. Irin wanda muka sani yau, mai aiki da lantarki a tayoyi huɗu, Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da shi kasuwa a 1978. Tun 2004 sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai da shi suke fitowa.

Yadda yake aiki shi ne zai fahimtar da kai fitilar. A bayan kowace taya akwai ƙaramar sensa da ke ƙirga juyawar wani zobe mai haƙora, ko zoben maganaɗisu da ke manne da boris ɗin tayar. Ƙirgan yana zuwa wurin wata ƙaramar kwamfuta da ke kwatanta gudun tayoyin huɗu. Idan ta ga ɗaya tana shirin tsayawa cak alhali sauran na gudu, sai ta sassauta matsin man burki a wannan tayar kaɗai, ta sake matsawa, ta sake sassautawa, har kusan sau 15 a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa feda take karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, a kuma ji ƙara kamar wani abu na gurzawa. Direbobi da yawa sukan tsorata su ɗage ƙafa a daidai wannan lokacin. Ba lalacewa ba ce, aikin ke nan. Ka ci gaba da takawa da ƙarfi, hannunka na kan sitiyari.

To, ita wannan kwamfuta tana bincika kanta duk lokacin da aka murɗa makulli. Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa takan kama na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. Idan ta ƙi mutuwa, ko ta dawo bayan an fara tafiya, kwamfutar na cewa ne ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, don haka ta janye hannunta. Burki na yau da kullum yana nan yana aiki, amma kariyar hana kullewa ta tafi. A motocin zamani takan tafi da na'urar hana zamewa a kwana da ta hana taya wulwulawa a wuri guda, domin duk daga sensa ɗaya suke samun bayani.

A nan mutane suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya kauce. Wasu da sun ga fitilar sai su ce burki ya mutu, su ajiye mota cikin firgici. Wasu kuma su ce ai wuta ce kawai, motar tana tsayawa lafiya, su yi shekaru da ita a kunne. Na biyun sun fi yawa, kuma su ne ke neman dabara idan ranar gwaji ta zo.

Dabarun sanannu ne. A buɗe allon gaban direba a cire ƙwan fitilar, ko a liƙa mata baƙin tef ta ciki, ko a haɗa wayarta da ta fitilar man inji don su kama tare su mutu tare. Ƙa'idar gwaji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma inda aka ɗauki abin da muhimmanci an san duk waɗannan. A gwajin MOT na Birtaniya, wanda ake yi wa mota duk shekara da zarar ta cika shekara 3, fitilar ABS da ke nuna matsala babban aibi ce da ke kayar da mota. Mai gwajin kuma yana kallon allon tun daga murɗa makulli: yana so ya ga fitilar ta kama, sannan ya ga ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam ita ma ta tona asirin kanta. Ko da dabarar ta wuce a wani wurin, takarda kawai aka samu. Tayar da za ta kulle a ranar ruwan sama tana nan yadda take, kuma wanda zai sayi motar nan gaba an raba shi da abu ɗaya tilo da zai gargaɗe shi. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi bai zaɓi komai ba.

Akwai kuma masu cewa a sa mata kwamfuta a goge. Gogewa tana share rubutun matsalar ne daga ƙwaƙwalwar na'urar, ita matsalar tana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba: da motar ta fara gudu, kwamfutar ta nemi ƙirgan tayoyi ta rasa na ɗaya, fitila za ta dawo, sau da yawa tun kafin a kai wurin gwajin.

Abin takaicin shi ne gyaran gaskiya sau tari bai kai wahalar dabarar ba. Abin da ya fi kunna fitilar shi ne sensar taya ɗaya: ta sha laka da ɓurɓushin ƙarfe, ko wayarta ta tsinke a inda take lanƙwasa duk lokacin da aka murɗa sitiyari. Sai zoben da tsatsa ta fasa, sai fis da ya ƙone, sai batir mai rauni. Idan fitilar ta kama jim kaɗan bayan an canja boris, a tambayi bakanike ko ya sa shi daidai, domin wanda ke ɗauke da zoben maganaɗisu gefe ɗaya ne kawai yake fuskantar sensa, kuma ana juya shi bisa kuskure. Tayoyi masu girma dabam-dabam ma suna rikita ƙirgan. Lalacewar ita kanta kwamfutar ko famfonta yana faruwa, kuma shi ne mai tsada, amma bai kamata a fara da zarginsa ba kafin a duba ƙananan.

Na'urar karanta matsala ita ce ke nuna tayar da za a nufa, sai dai ba kowace ba. Yawancin masu arha da ake jona wa mota, waɗanda ake kira OBD-II, matsalolin inji kawai suke gani, masu farawa da harafin P. Na ABS da harafin C suke farawa, don haka na'ura za ta iya cewa babu komai alhali fitila na kunne. A nemi wadda ke shiga sashen burki, a rubuta lambar da ta bayar kafin a goge komai, a gyara, sannan a tuƙa motar ɗan nisa a ga ko fitilar ta zauna a mace. Wannan yana son kwanaki kafin ranar gwaji, ba safiyarta ba.

Kada kuma a rikita fitilar ABS da jar fitilar burki, mai alamar motsin rai a cikin da'ira. Ita wannan tana nufin ba a sauke burkin hannu ba, ko man burki ya yi ƙasa, watakila yana zuba. Idan jar da mai ruwan ɗorawar suka kama tare alhali burkin hannu yana ƙasa, mai yiyuwa ne rabon ƙarfin burki tsakanin tayoyin gaba da na baya ya tsaya, kuma na bayan suna iya kullewa su juya motar. A wannan halin a sami gefen hanya a tsaya a hankali, a duba man burki, kuma idan ya yi ƙasa a jawo motar zuwa gareji maimakon a tuƙa ta.