Waiwaye: Yadda likitoci suka koyi yi wa mai ciwon daji magana

A shekarar 1961 wani likita mai suna Donald Oken ya tambayi likitoci 219 a birnin Chicago na Amurka ko sukan faɗa wa mutum idan suka gano yana da ciwon daji. Kusan kashi 90 cikin ɗari suka ce ba sa faɗa. Sai a ce masa "ƙari ne", a ja matarsa gefe a sanar da ita. Da Dennis Novack da abokan aikinsa suka sake yin irin tambayar, sakamakon da suka wallafa a 1979 ya nuna kashi 97 suna faɗa. Cikin dalilan wannan sauyi, magani ya inganta, kuma ba a yi wa mutum tiyata ko gashi da na'ura sai ya sa hannu ya san abin da ke damunsa.

To amma yarda a faɗi gaskiya daban, iya faɗinta daban. Likita kan tsaya a bakin gado, ya zubo kalmomin asibiti, ya wuce, ya bar mutum da takarda a hannu bai fahimci komai ba. An daɗe ana ɗaukan iya magana baiwa ce, wanda Allah bai ba shi ba shi ke nan.

Peter Maguire, likitan ƙwaƙwalwa a Manchester ta Ingila, yana cikin waɗanda suka rushe wannan tunani. A 2000 Walter Baile da Robert Buckman da wasu suka fitar da tsarin faɗa wa mara lafiya labari mara daɗi, wanda ake kira SPIKES, mai matakai shida: a sami wurin zama a keɓe, a ji abin da mara lafiya ya sani, a tambaye shi iya abin da yake son ji, a yi bayani kaɗan-kaɗan, a saurari kukansa, sannan a tsara abin yi. A 2002 Lesley Fallowfield ta gwada horon kwana 3 a kan likitocin ciwon daji 160 a Birtaniya, inda 'yan wasan kwaikwayo ke fitowa a matsayin marasa lafiya. Waɗanda aka horar sun fi nuna tausayi da barin mutum ya faɗi abin da ke ransa.

Wannan duka an gina shi ne a kan likita da mara lafiya su biyu. A wajenmu kuwa ɗakin kan cika da dangi, babban ɗa ya tare likita a baranda: "Don Allah likita, kada Baba ya ji." Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ga kuma likitan da ba ya jin Hausa, ya dogara da ɗan rakiya ya yi tafinta, shi kuwa ya sassauta maganar har ta tashi daga sankara ta koma "ɗan ƙari". A ganina duk horon da za a yi wa ma'aikatanmu, da wannan baranda ya kamata a fara: yadda za a zaunar da ɗan, a ji tsoronsa, sannan a shiga tare a tambayi Baba da kansa ko yana son a yi masa bayani.