Waiwaye: Yadda aka gano ƙoda ce ke ba ɓargo umarnin yin jini

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda a nan Gombe ya san wannan hali: tafin hannu ya yi fari fat, cikin ido ya koɗe, taku kaɗan sai haki. Dangi su yi ta kawo madara da zogale da kwalaben maganin ƙarin jini, amma shiru kake ji. Abin yana ci mini rai, domin ba abinci kaɗai jikin ya rasa ba.

Jar ƙwayar jini kwana kusan 120 take yi ta mutu, shi ya sa ɓargo ke fitar da sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. To wa ke faɗa masa adadin da zai yi? A 1906 Paul Carnot da Clotilde Deflandre a Faransa suka rage wa zomaye jini, suka ɗebi ruwan jininsu suka yi wa lafiyayyun zomaye allura, suka ce jajayen ƙwayoyi sun ƙaru. Akwai ɗan saƙo ke nan a cikin jini. Sai a 1957 aka tabbatar a Amurka, ta hanyar cire wa ɓeraye ƙoda, cewa daga can yake fitowa. A 1977 Eugene Goldwasser da Takaji Miyake suka tace shi daga fitsarin marasa lafiya a Japan, lita 2,550, abin da suka samu bai wuce 'yan miligiram ba. Wannan saƙon sinadari ne mai suna erythropoietin, EPO a taƙaice, kuma a 1989 Amurka ta amince da allurarsa.

Idan iskar oksijin ta ragu, ƙoda na sakin EPO, ya je ɓargo ya hana jariran ƙwayoyi mutuwa. Su kuma su rabu gida biyu, su sake rabuwa, kamar sau huɗu ko biyar, kowane karo suna ƙanƙancewa suna cika da sinadarin da ke ɗaukar iska. A ƙarshe rabuwa ta tsaya, ƙwaya ta tofar da cibiyarta, wato ɗan ƙullin da ke tsakiyarta, ta shiga jini. In babu folik asid ko bitamin B12, rabuwar ce ke cijewa, ƙwayoyin su fito manya amma 'yan kaɗan.

Ƙodar da ta lalace ba ta iya aika saƙon yadda ya kamata, shi ya sa likita ke rubuta wa masu wankin ƙoda allurar EPO, sau da yawa haɗe da ayon, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Tana da tsada, kuma sai an ajiye ta a firji, ga zafin Gombe a watan Afirilu, ga wuta da ba ta tsayawa.