Tiyo mai naɗuwa

Tiyo mai naɗuwa, wanda wasu ke kira mesa, bututu ne na saƙaƙƙen zare da roba. In babu ruwa kwance yake shafal kamar ɗamara, sai an tayar da injin ruwa ya kumbura. Da shi ake kashe gobara da ban ruwa da kwashe ruwan ramukan ma'adinai. Manyansa kan kai faɗin inci 12.

Tarihi

Ana danganta tiyon gobara na farko da Jan van der Heyden na birnin Amsterdam, wajen 1673. Ɗinkakkiyar fata ce, kuma ta ɗinkin yake yoyo. A 1807 wasu 'yan kwana-kwana biyu a Philadelphia, James Sellers da Abraham Pennock, suka haɗa fatar da ƙusoshin jan ƙarfe. Yoyo ya ragu, nauyi ya ƙaru, ga shi sai ana shafa mata mai don kada ta tsage. A 1821 James Boyd na Boston ya yi rajistar na auduga mai roba a ciki. Na yanzu zaren polyester ne da robar PVC ko ta polyurethane.

Matsalolin inganci

Babban aibi shi ne rabuwar roba da zare. Idan mannewar ba ta kama ba tun a masana'anta, ruwa ya kan kutsa tsakaninsu, ƙululu ya taso, daga nan sai fashewa. Saƙar da ba ta daidaita ba kuwa kan sa tiyon ya miƙe ya murɗe, yana gogar ƙasa har ya huje. Layin ninki ne ke fara ci, rana kuma tana busar da PVC.

Bakin haɗi ya fi ko'ina haɗari. A matsin bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), ƙarfin da ke tura bakin mai inci 12 ya haura tan 7, ninki 16 na mai inci 3. In ya kwance yana iya halaka na kusa, don haka bai kamata a sayi babba ba sai an ga shaidar gwajinsa. Yawanci matsin fashewa kan ninka na aiki sau 2 zuwa 3.

In ya fashe, masu ƙera kan ɗora laifin kan rufe famfo farat ɗaya, masu saye kuma kan ce aikin ne bai yi ba.

Amfani a fadama

Manoman rani a arewacin Najeriya sun fi amfani da mai inci 2 ko 3, a bakin da inji ke fitar da ruwa, domin tiyon ba ya iya zuƙo ruwa.