Ma'anar Dangin Kalmomi a Koyar da Karatu

Dangin kalmomi, a bakin malaman ƙananan azuzuwa, su ne kalmomin da ƙarshensu ya zo ɗaya a furuci da rubutu, ba su bambanta ba sai a harafin farko, kamar gasa, rasa, fasa da ƙasa. Tushen abin shi ne amsa-amo, wanda marubuta waƙa ke kira ƙafiya, kuma kunnen yaro ya saba da shi tun daga waƙoƙin gaɗa da na reno, tun bai taɓa riƙe alli ba.

Malama takan rubuta "asa" a allo, ta ɗora g a gaba yara su karanta, sannan ta goge ta sa r. Yaron da ya gane cewa harafi ɗaya ne ya sauya, to ya daina haddace kalma kamar hoto, ya fara haɗa sauti da kansa. A nan ne kuma ake raba haruffa masu ƙugiya da takwarorinsu, domin idan kasa da ƙasa suka tsaya a jere, idon yaro yana ganin ƙugiyar daidai lokacin da maƙogwaronsa ke jin ta.

Hausa ta dace da wannan hanya fiye da Faransanci, inda ake rubuta sautin o ɗaya da o, ko au, ko eau. Shi ya sa nake ganin hikimar makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda Nijar ta fara a Damagaram a 1973.

Sai dai akwai wurin da ya kamata malami ya yi hattara ƙwarai. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka fasa ƙwai da fasa tafiya rubutunsu ɗaya ne, alhali a baki na biyun ya fi ja. Idan aka tara dangi da ido kawai, za a rikita yaro, saboda haka a fara furta kowace kalma cikin jimla kafin a rubuta ta. Haka nan yaron Tawa yakan ce "hwasa" inda littafi ya rubuta fasa. Bai yi kuskure ba, Hausar Adar ce, kuma bai kamata a tsawata masa ba. A nuna masa cewa harafin f ne ke ɗaukar wannan sautin nasa, sai a ci gaba zuwa dangi na gaba.