Mene ne "giɓin gidaje" da ake ta faɗa a rediyo?

Duk ranar da za a ƙaddamar da rukunin gidaje, sai mai jawabi ya ce Najeriya na da "giɓin gidaje" miliyan 17, wani ya ce miliyan 28, kamar wanda ya bi gari-gari ya ƙirga. A 2021 Babatunde Fashola, yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito ya ce adadin miliyan 17 ɗin ba shi da tushe. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a kuwa tun 2006. Bar batun adadi, ita kanta kalmar tana ɓatar da mutane.

Giɓi a Hausa gurbin haƙorin da ya fita ne. Wanda ya ji "giɓin gidaje" sai ya ɗauka gidajen ne babu, a gina sababbi a cike gurbi, shi ke nan. Masana harkar muhalli kuwa abu biyu suke haɗawa a ciki: iyalan da ba su da matsuguni nasu, da waɗanda ke da gida amma bai cancanci zama ba, ko don ba masai, ko ba ruwan sha, ko gini na shirin rushewa, ko cunkoso, wanda ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa a fiye da mutum uku a ɗaki ɗaya. Kashi na farko a birni ya fi yawa. A ƙauye da wuya ka ga magidancin da ba shi da ɗakin kwana a gidan gado. Haƙorin na nan daram, tsutsa ce ta ci shi.

Dubi gidan ƙasa a damina. Ta wuri biyu ruwa ke cin sa: gindi da ka. Ruwan da ke zuba daga rufi yana fantsama a gindin katanga, danshi kuma na hawa daga ƙasa, har gindin ya zaizaye ya rage kauri, nauyin sama ya fi ƙarfinsa. Maganinsa tushe na dutse ko bulon siminti da ya tashi santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a ɗora tubali. Rufin kwano ya leƙo waje kamar rabin mita. In soro ne, indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango.

A soron ma, azarar giginya ce gara ba ta iya ci, ita kuma ta yi wuya ta yi tsada. Sai a sa itacen da aka samu, gara ta raraƙe shi, ƙasar rufi ta sha ruwan Agusta ta yi nauyi, ta rufto da dare a kan mutane suna barci. Kuskuren da ya fi yawa kuma shi ne shafe bangon ƙasa da siminti don a ce gida ya waye. Ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti ba ya bin ta. Ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar bushewa, shafen ya ɓanɓaro falle-falle. Yaɓen makuba da ake sabuntawa kafin ruwan farko ya fi shi amana nesa ba kusa ba. Mai ɗan hali kuma ya buga bulon jar ƙasa da injin matsa, siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe da leda ana yayyafa ruwa, kada a ɗora shi sai ya yi mako huɗu.

Duk wannan gyara ne, ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa ba ka jin sa a jawabi. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 kashi 2.5 cikin ɗari na albashi yake cira, rance kuma sai da takardar shaidar mallakar fili. Manomi ba shi da albashi, filinsa na gado ne, shaidarsa mai unguwa da maƙwabta. Gidajen da aka jera a bayan babban birnin jiha ma'aikata ne ke shiga, a rage adadinsu daga "giɓin", shi kuwa na ƙauye yana tokare bangonsa da gungume yana addu'ar damina ta wuce lafiya.