Mai rubuta manhaja tsakanin gobarar daji da ruwan sha

Me ya haɗa gobarar daji da tattalin ruwa har mutum ɗaya zai yi aikinsu tare?

Gangaren da ruwa ke bi ne ya haɗa su. Idan wuta ta ci daji sosai, saman ƙasa kan daina shan ruwa, sai ruwan sama na farko ya kwashi toka da laka ya zuba a madatsar ruwa. Haka ta faru a jihar Colorado ta Amurka bayan gobarar Buffalo Creek a 1996 da ta Hayman a 2002, inda laka ta taru a madatsar Strontia Springs mai ba birnin Denver ruwa. Aikin mai manhaja shi ne ya nuna gangaren da zai fi zubo laka tun ruwan bai sauka ba.

Da waɗanne bayanai ake aiki?

Galibi hotunan tauraron ɗan Adam. Na'urar MODIS da ke kan tauraro tana gano wuta a hoton da kowane ɗigonsa ke ɗaukar faɗin kilomita 1, na'urar VIIRS kuma mita 375, duka ana samun bayanansu kyauta a FIRMS, tsarin bibiyar gobara na hukumar NASA. Auna tsananin ƙuna kuwa sai tauraron Landsat mai mita 30 ko na Sentinel-2. A Landsat 8 ana ɗaukar zango na 5 da na 7 na hasken da tauraron ke aunawa, a raba bambancinsu da jimlarsu, abin da ake kira NBR, wato ma'aunin ƙuna. A debe na bayan gobara daga na kafinta, adadin da ya fi girma shi ne wurin da ya fi ƙonewa. Wannan taswirar ce ake haɗawa da ta tudu da kwari a shigar cikin manhajar lissafin kwararar ruwa irin su SWAT ko HEC-HMS.

Me zan koya?

Harshen rubuta manhaja na Python, SQL da PostGIS don rumbun bayanai, GDAL da QGIS don aikin taswira. Sai ilimin ruwa da lissafin ƙididdiga, waɗanda masu manhaja suka fi rainawa, kuma nan suke tuntuɓe.

A ina aka fi yin kuskure?

Ba kasafai a rubutun manhajar ba, a bayanan ne. Wani zai haɗa taswira mai awon digiri da mai awon mita, faɗin ƙasar ya fito shirme. Tauraro yana rubuta lokaci da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ma'aunin ruwan sama kuma da agogon gari, sai a lissafi ambaliya ta riga ruwan da ya kawo ta. Lambar -9999 alama ce ta babu bayani, amma idan ta shiga lissafin matsakaici ta ɓata komai. Sentinel-2 ma ya sauya yadda yake ajiye lambobinsa a Janairun 2022, wanda bai gyara ba zai ga ƙunar da babu ita. Harshen wutar rijiyar mai yakan fito kamar gobara a hoton tauraro.

Mafi ɓoyuwa shi ne gwajin manhajar da ke koyo daga bayanai. Idan aka koyar da ita da wani yanki, aka gwada ta da maƙwabcinsa, sakamako zai yi kyau na ƙarya, domin wuraren suna kama da juna. A ware gobara guda cur, ko shekara guda, don gwaji.