Ma'anar Sinfoniya Konshatante a Kiɗan Turai

Sinfoniya konshatante suna ne da ya fito daga harshen Italiyanci, kuma ana amfani da shi ga wani salon kiɗa na Turai wanda babbar tawagar makaɗa, wato okestra, take yi tare da ƙwararrun makaɗa biyu ko fiye da haka waɗanda aka ware su domin su riƙa fitowa fili da kayan kiɗansu. Kalmar farko tana nufin kiɗan da dukan tawaga take yi gaba ɗaya, ta biyu kuwa tana nuni ga kayan kiɗa da suke karɓeɓeniya, wani lokaci har su yi kamar suna gasa. Saboda haka salon ya tsaya ne tsakanin sinfoniya, inda babu wanda ya fi wani fitowa, da konshato, inda makaɗi guda yake jan ragama sauran kuma suna yi masa amshi.

Salon ya bunƙasa daga wajajen 1770 zuwa farkon ƙarni na 19, kuma babu inda ya samu karɓuwa kamar birnin Faris. Dalilin ba boyayye ba ne. A lokacin, kiɗa ya fara fita daga fadojin sarakuna da majami'u zuwa zaurukan da kowa zai biya kuɗi ya shiga, irin taron Concert Spirituel, kuma masu biyan kuɗin suna son su ga gwanaye da idonsu, su ji wannan ya nuna bajinta, wancan ya mayar masa. Shi ya sa yawancin waɗanda aka tsara a Faransa suke da armashi da sauƙin saurare, da yawansu ma kashi biyu kacal ne maimakon uku. Giuseppe Cambini ya rubuta su da yawa, haka ma Carl Stamitz na birnin Manhaim a Jamus, da Johann Christian Bach a Landan, da Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, gwanin goge da aka haifa a tsibirin Gwadalup, ɗan wata baiwa 'yar asalin Afirka.

Akwai mai cewa ai wannan tsohon salon konshato goroso ne na zamanin Corelli da Handel aka sake wa riga. Kamannin yana nan, amma a tsohon salon ƙaramin rukuni ne yake fuskantar babban rukuni, alhali a nan kowane gwani yana magana da muryarsa.

Kiɗan sinfoniya konshatante da ya fi shahara shi ne na Mozart, mai lamba K. 364 a jerin ayyukansa, wanda ya rubuta a 1779 domin bayolin da biyola, wato gogen Turawa da yayarsa mai kaurin murya. Biyola kayan kiɗa ne da aka saba bari a baya, amma Mozart ya daidaita ta da bayolin, har ya umarci a ɗan ƙara ɗaure tsirkiyoyinta sama da yadda aka saba domin sautinta ya yi kaifi, kada tawaga ta danne ta. A kashi na biyu, mai tafiya a hankali cikin sautin alhini, kayan biyu suna miƙa wa juna zance kamar aminai da suke jajanta wa juna, kuma a ganina nan ne salon ya wuce nuna gwaninta kawai.

Haydn ma ya tsara nasa a Landan a 1792 domin kaya huɗu: bayolin, da celo, wato babban goge mai kaurin murya, da obo mai kama da algaita, da basun, wato dogon kayan busa mai kaurin murya. Daga baya sunan ya ja baya yayin da konshaton makaɗi guda ya mamaye zauruka, ko da yake Beethoven ya rubuta konshato na kaya uku, Brahms kuma ya yi na bayolin da celo a 1887.